Bakin da Na Zana wa Kawu Illo

Sabon Birni,
Litinin.

Zuwa ga maigidana, Baban Fadima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Isa. Ya jikin Inna, ya kafaɗar? Ka ce mata surukarta ta ce don Allah ta rage daka, ta bari a kai inji. Na san ba za ta ji ba. Har nan Sabon Birni in na ji wata tana daka sai in tsaya in saurara, ko za ni ji irin na Inna, bugu biyu sannan ta ƙwanƙwasa bakin turmi ta huta, amma ba mai yin haka sai ita. Mu nan lafiya lau. Fadima ta warke daga murar, sai ɓarna da tambayar yaushe za ka taho.

Tun da anka yanke sabis mun koma zamanin kakanni, Ɗanmusa direba ya zama gidan waya. Kada ka ba shi takarda ba ka liƙe ba, idonshi ya fi ƙafarshi sauri.

Ka tambayi labarin hatsi. Babu labari. Daga nan har Tsamaye gero ya ƙone a tsaye, kara kawai anka yanka, shekara ta biyu ke nan a jere. Mutane sun daina duban sama, sun koma leƙa rijiya.

Aikina kuwa ya yi sauƙin da har shina ba ni tsoro. Ka tuna da, yadda nake kwana biyu a kan maganar minti ɗaya, ina sauraren kalma, ina tsayar da hoto, ina sa wa zanen bakin da ya dace, har wuyana shi ƙage? Sabuwar manhajar nan ta raba ni da wannan wahala. Bakuna tara na zana, akwai rufaffe, akwai buɗaɗɗe, akwai na zagaye irin na mai hura wuta, akwai mai nuna haƙora. Sai in ɗora muryar da na ɗauka, in danna wuri guda, ita ta saurara da kanta ta rinƙa zaɓen bakin da ya dace da kowane sauti. Kafin in sha ruwa in dawo zanen shina magana kamar mai rai. Ai ka sani, kai ka danna mini sau biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, har ka ce ashe duk ilimin nawa danna abu guda ne. Ban manta ba, ina nan ina jiran ranar ramawa.

Sai dai wawuya ce, ba ta san magana ba, ƙara kawai take ji. Shekaranjiya ina ɗaukar muryar Kawu Illo, ya yi shiru shina tunani, jaki ya yi kuka can bayan ruga. Da na danna, sai ga zanen ya wangame baki shina kuka tare da jakin. Ni da Na'Allah, abokin aikina mai haska majigi, munka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Shi ya sa kullum nake cewa a fara share hayaniyar da ke bayan murya kafin a danna. In anka danna tukuna sannan anka share, kunne ba shi jin jakin, amma bakin shina nan shina motsi.

Fim ɗin a kan rijiyar Gangara ne. Ka san rabon da Wakilin Gangara ya yi tun da ruwa ya ja baya: mata da masu lambu daga asuba zuwa azahar, shanu daga azahar zuwa faɗuwar rana. Ƙungiyarmu tana son makiyaya su ji wannan daga bakin wanda suke jin maganarshi, to wa ya wuce Kawu? Amma mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ya sayar da bijimi ya kai ni makaranta, sai da na yi sawu uku rugarshi kafin shi yarda. Na ce mishi in ya ƙi, ina da mijin da ke kwaikwayon muryarshi har Fadima ta rinƙa leƙa ƙofa tana neman Kawu. Ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ranar da ba ni nan, wa za shi hana abin nan faɗin abin da ban faɗa ba?" Na ce ni. Ya ce in sake faɗa, na sake.

Da na nuna mishi zanen da na yi tun ina Isa, ya ce na yi mishi ƙarya, na cika mishi haƙora alhali saniya ta fitar mishi da ɗaya tun shina saurayi. Na dawo ofis na bi bakunan nan ɗaya bayan ɗaya na cire haƙorin. Yanzu ya yarda shi ne.

Na san zancen rijiyar nan ba shi yi maka daɗi, saboda lambun da Baba marigayi ya bar maka kusa da ita, da yadda albasar bara ta bushe kana kallo. Ka yi haƙuri, rabin yini ya fi babu. Jar karsanar da Kawu ya ba Fadima ranar suna ta rame, amma tana tsaye, kuma tana da ciki.

Ka rinƙa kunna tsohuwar kwamfutar da na bari ko sau ɗaya a mako, kada batirin shi mutu. Ka gaida Inna ƙwarai. Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Saudatu.


Sabon Birni,
Laraba.

Zuwa ga maigidana, Baban Fadima,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da mutanen gida. Mu jikinmu lafiya, amma hankalina ba shi kwance, kuma ba ni da wanda za ni faɗa wa sai kai.

An cuce ni. An cuci Kawu da hannuna.

Mun haska fim ɗinmu a Gangara ranar Juma'a, kowa ya yi murna, har tsofaffi suna nuna giɓin haƙorin suna dariya. Kwana uku bayan nan sai ga wani bidiyo shina yawo daga waya zuwa waya, ana tura shi a memori a rumfar Alhassan mai cajin waya. Zanena ne, malfar Kawu, sandarshi a kafaɗa, har tsamiyar da na sa a bayanshi. Muryar ma kamar tashi, da jan numfashin nan da shike yi kafin shi ce to. Amma abin da ke fita daga bakin, wa'iyazubillahi. Wai rijiya kakanninshi sunka gina ta, wai bana shanu za su sha safe da yamma, wai lambun da ya tsaya a hanya abincin shanu ne. Bakin shina bin kowace kalma daidai, ba kuskure ko ɗaya. Alhassan ne ya nuna mini shi.

Mutanen Gangara ba su san yadda ake abin nan ba. Sun ga zanen ranar Juma'a shina magana da muryar Kawu, mun ce musu shi ne, sun yarda. Yanzu sun sake ganinshi shina magana, don mi za su ce ba shi ba ne? Matasa sunka ɗauko sanduna. Wakili ya tare su, amma ya yanke cewa garken Kawu da na duk wanda ke bin shi ba za su kusanci rijiya ba sai an zauna ranar Alhamis, kwana goma sha biyar daga yau, in Kawu ya wanke kanshi. In bai wanke ba, sun rabu da rijiyar har ruwa shi sauka. Kai ka san abin da wannan ke nufi. Tafiyar rabin yini ce zuwa gulbi, can ma sai an tona yashi tsayin mutum kafin a ga danshi. Shanun da ke tangaɗi a tsaye ba za su jure wannan sawu kullum ba.

Na hau babur na je ruga. Na so Kawu shi zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ya sa anka kawo mini nono ɗan kaɗan a ƙoƙo, ya tambayi lafiyar Fadima, ya tambayi lafiyarka. Bai tada zancen ba har na tashi. Ni ma na kasa.

Na san wanda ya yi. Mutum biyu ke da mabuɗin ofis, ni da Na'Allah. Shi ke ɗaukar fim ɗin a fulash shina kai wa majigi. Tun da na taho shike cewa in koya mishi wurin dannawa, ina cewa sai an jima. Kuma ƙanwarshi tana aure Gangara, gidan masu lambu. Jiya na lura ya kasa haɗa ido da ni, yau kuma ya cika fara'a, har da kawo wa Fadima rake. Mutumin da bai taɓa ba ta ko gyaɗa ba. Ina kallonshi ina jin jinina shina tafasa. Muryar ce kawai ta tsaya mini, don Na'Allah ko kukan akuya bai iya kwaikwaya ba, amma ai ana iya samo wani.

Ka taya ni da addu'a, kuma ka faɗa mini abin da kake gani. Ka gaida Inna, amma kada ka faɗa mata, ka san yadda take da Kawu.

Matarka,
Saudatu.


Sabon Birni,
Talata.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya kai da Inna. Fadima tana gaishe ka. Takardarka ta zo hannuna ranar kasuwa, na gode da addu'a.

Na yi abin kunya. Ranar Asabar na rufe ƙofar ofis na tsare Na'Allah, na faɗa mishi maganganun da ba za ni iya rubuta su ba. Ka san bakina in raina ya ɓaci. Bai rama ba. Ya ciro mabuɗi da fulash ya ajiye a teburina, ya ce in duba. Ya ce kallon da nake mishi kwana huɗu shi ya hana shi duban idona, raken kuma ya saya ne don ya ga yarinyar tana kuka ni ban ko ji ba. Na duba fulash ɗin, ba komai ciki sai fim ɗinmu na gaskiya.

Shi ne ma, bayan ya huce, ya ce mu tsayar da bidiyon ƙaryar mu dubi fuskar da kyau. Munka tsayar a wurin da bakin ya buɗe. Haƙora cike, ba giɓi. Wannan ba zanen ofis ba ne. Na ofis tun makon farko na cire mishi haƙori, kuma na goge tsohon don kada in rikice. Na'Allah bai taɓa ganin mai cikakkun haƙora ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma har yau bai ɗauki mabuɗin ba.

Na koma wurin Alhassan na matsa mishi. Ya ce shi bai san kowa ba, wani fasinja ne ya kawo waya caji ranar kasuwa ya tura mishi, kuma in ya tuna daidai a motar Isa ya sauka.

Baban Fadima, wuri guda na sani a duniya da tsohon zanen nan ya rage. Wa ke shiga ɗakinmu? Ka taɓa ba wani aron tsohuwar kwamfutar, ko ka kai ta caji kasuwa ka bar ta? Ka tuna da kyau. Abokanka na bakin tasha nake tunani, akwai masu lambu a cikinsu, kuma kai ba ka iya hana aro. In ka ba wani, ka faɗa mini sunanshi kawai, ba za ni yi maka faɗa ba.

Akwai abu biyu a takardarka da nake ta juyawa. Ka ce in bar wa Allah, kada in tsananta bincike in jawo wa kaina abokan gaba. Kai da in anka taka maka takalmi a masallaci sai ka san ko waye. Sannan a ƙasa ka tambaya ko ana iya gane wanda ya yi irin wannan aiki daga bidiyon kanshi. Na ɗauka tausayina ne ya sa, na bar shi a haka. Ka kuma ce ka aika an zuba irin albasa a lambu tunda yanzu akwai ruwa har yamma. Na karanta wurin sau uku. Ban san abin da nake so ka ce ba, amma ba wannan ba.

Shanu biyu sun faɗi a hanyar gulbi, ba su tashi ba. Karsanar Fadima tana zuwa a ƙarshen garke, sai an jira ta.

Ka ba ni amsa a motar jibi, don Allah.

Matarka,
Saudatu.


Sabon Birni,
Lahadi.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ina fata Inna tana lafiya. Mu muna nan.

Amsarka ta zo. Ka ce ba wanda ya taɓa kwamfutar, tana cikin akwati tun tafiyata, ko kunna ta ka manta. Na so in yarda. Na yini ranar ina gaya wa kaina wataƙila na taɓa tura wa wani tsohon zanen na manta.

Jiya da hantsi na kashe sautin bidiyon gaba ɗaya, na zauna ina bin shi hoto bayan hoto, yadda nake yi a da kafin manhajar nan ta sangarta ni. Ban san abin da nake nema ba. Wuri uku mai maganar ya yi shiru shina jan numfashi irin na Kawu. A kunne shiru ne tsaf, an share shi da kyau. Amma bakin bai yi shiru ba. Shina buɗewa sosai sau biyu, shi ɗan motsa sau ɗaya, shi tsaya. Shi sake, sau biyu, sau ɗaya, shi tsaya. Na gane nan take abin da ya faru: mai aikin ya yi gaggawa, ya danna tukuna sannan ya share hayaniya, irin kuskuren da na ba ka labari na jakin ruga. Akwai wani ƙara a bayanshi lokacin da shike ɗaukar muryar, kuma bakin ya riƙe shi.

Na ce ko injin niƙa ne, ko maƙeri. Sai na fara bugun tebur da yatsa ina bin motsin bakin don in ji ko mi ne. Ban kai bugu na huɗu ba hannuna ya tsaya da kanshi. Shekara shida ina tashi da wannan ƙara a bayan tagar ɗakinmu. Inna ce take daka.

Tagar guda ce ke kallon turmin Inna. Mutum guda ne a gidan ya san wurin dannawa, ni na nuna mishi da hannuna ina kwance da zazzaɓi. Mutum guda na sani da ke jan numfashi irin na Kawu kafin shi ce to, har ɗiyarshi ta leƙa ƙofa. Na zagi bawan Allah Na'Allah, na zargi abokanka, na zargi Alhassan, har Ɗanmusa na yi wa kallon banza, duk don ina gudun in iso nan.

Na san albasar bara ta ƙona maka rai. Na ga yadda ka dawo daga Gangara ka zauna a zaure ba ka ci abinci ba. Na san lambun nan shi ne abin da Baba ya bari, kuma kana ganin rabin yini ba shi rayar da shi. Da ka faɗa mini, da na raka ka wurin Wakili mun roƙa, da na je wurin Kawu da kaina, kuma ka san ba shi hana ni. Amma ka ɗauki fuskar mutumin da ya ba ka aurena, da zanen da na yi a ɗakinka, ka sa mishi maganar da za ta iya sa a zubar da jini. Sannan ka zauna ka rubuto mini addu'a. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ga abin da za ni yi. Ranar Alhamis za mu kai majigi da kwamfuta gaban Wakili. Za ni ɗauki muryar duk wanda ya yarda a wurin, in ɗora wa zanen, su gani da idonsu cewa abin nan shina faɗin duk abin da anka ba shi. Na san bayan nan ba wanda za shi sake yarda da zanena a ƙasar nan, na haƙura da wannan. Amma za su tambaya wa ya yi.

Motar Ɗanmusa tana tashi daga Isa da sassafe ranar Alhamis, tana bi ta Gangara. Ka shigo ta. Ka tsaya gaban mutane ka yi muryar Kawu da bakinka, ka ce kai ne, ka roƙi gafara. Za a zage ka, wataƙila a hana ka ruwa bana, amma za ni tsaya kusa da kai a zage mu tare, wallahi za ni tsaya. Kada ka bar ni ni kaɗai da tambayar nan. Na yi wa Kawu alkawari sau biyu, kuma kai ka san ban taɓa yi mishi ƙarya ba.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Ina jiranka.

Matarka,
Saudatu.


Sabon Birni,
Asabar.

Atiku,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka gaida Inna, ka tambaye ta kafaɗa. Fadima lafiyarta lau.

Na tsaya bakin hanya ranar Alhamis har motar Ɗanmusa ta iso. Mutum tara sunka sauka, na ƙirga su. Ɗanmusa ya ce ya gan ka a tasha da safe, ka tambaye shi ko akwai wuri, ya ce akwai, sai ka ce bari ka dawo.

An zauna ƙarƙashin tsamiya bayan azahar. Na'Allah ya rataya farin ƙyalle a inuwa, ya tada janareta. Wakili da kanshi ya ba da muryarshi, ya ce rijiya ta Allah ce. Na share, na danna, sai ga zanen Kawu shina faɗin haka da muryar Wakili. Nan take anka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ce a kashe abin nan, ba ta son ganinshi. Na nuna musu haƙoran, na nuna giɓin Kawu, shi kuma ya buɗe baki gaban jama'a kamar ƙaramin yaro don su gani. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Wakili ya ce ya gani, kuma ya yarda ana iya yi. Amma ana iya yi daban, an yi daban. Ya ce muryar da ke cikin bidiyon ta wani ce, in ba ta Illo ba ce to ta wa ce? Matasa sunka fara gunaguni, wani ya ce ai 'yar gida ce, dole ta kare kawunta. Wakili ya ce in babu suna, hukunci shina nan yadda shike.

Kawu ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci don kada a ji. Ya ce, "Na san muryar tun ranar farko, ya sha yi mini ita muna cin tuwo. Ki yi shiru, ɗiyata, gulbi ba nisa." Kwana goma sha biyar ya sani, shina tambayata lafiyarka.

Na dubi bayan taron. Makiyaya sun kawo garken sun tsayar nesa da rijiya, suna jiran hukunci, shanun sun juya kai wajen kwamin shan ruwa suna shaƙar iska. Na nemi jar karsanar ban gan ta ba. Daga baya anka faɗa mini ta faɗi ranar Talata a hanyar gulbi, da cikinta, sun yanka ta kafin ta cika. Kawu ya hana a gaya mini.

Shekara shida da aurenmu ban taɓa kiran sunanka ba, ko a ɗaki, ko a takarda. A asibiti ma da anka tambaye ni sunan miji, sai da na sa ƙanwarka ta faɗa. Ranar Alhamis na miƙe gaban maza fiye da ɗari na faɗe shi, da sunan Baba, da unguwarku a Isa. Wakili ya ce bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi.

Shanun sun sha ruwa kafin la'asar. Na tsaya har na ƙarshe ya ɗaga kai daga kwami. Kawu ya dafa kaina kawai ya wuce.

Wakili ya ce shina nemanka ranar Alhamis mai zuwa, kuma ba wanda za shi taɓa lambun kafin nan, ya sa a rinƙa ba irin albasar ruwa da safe. Ko ka zo ko kada ka zo, wannan tsakaninka da shi ne. Kwamfutar da ke cikin akwati ka ba Ɗanmusa shi kawo mini. Inna kuma ka faɗa mata da bakinka kafin ta ji a kasuwa, kada ka ce mata dakanta ne ya nuna, ba ta da laifi.

Fadima ta tambaye ni jiya yaushe saniyarta za ta haihu. Na ce ta bari sai ta ga babanta, shi za shi faɗa mata.

Wassalam.
Saudatu.